Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Ta-Malam

Madani

Ba zan rantse cewa mutumin da ya tarbe ni a Madani ɗan damfara ne tun asali ba. Wataƙila da niyyar alheri ya fara, daga baya abin ya fi ƙarfinsa. Abin da na sani dai, ya yi mini alkawarin aiki a garejin wani kamfanin noma, ya karɓi guzurina da sunan gyaran takardu, ya zaunar da ni a inuwar wata darbejiya kusa da tasha, ya ce in jira zai sayo mana ruwan sanyi. Har yau ruwan bai iso ba.

Sunana Nasiru, mutumin Funtuwa. Na karanta aikin injiniya ɓangaren motoci, na gama, na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya cinye. Shi ya sa da aka ambata mini Sudan ban yi dogon tunani ba, abin da ba halina ba. Ni irin mutanen nan ne da ke kulle ƙofa su tafi, su dawo su taɓa kwaɗon, su tafi, su sake dawowa. Wannan tafiya kuwa kafin ƙasar ta rikice ne, lokacin da baƙo ke iya kwana a barandar masallaci ba wanda ya tambaye shi daga ina.

A barandar na zauna. Larabcin da na zo da shi na Islamiyya ne, in na yi magana a kasuwa sai a yi dariya a ce liman ya zo sayen tumatir. Wata mai shayi a bakin tashar ta lura ba na sayen komai, sai ta riƙa turo mini kofi ba ta ko kallona, don kada in ji kunya. In Inna ta kira waya sai in gyara murya in ce, "Lafiya lau, ana ta shirin fara aiki." In na kashe sai ƙamshin tuwon dawarta ya zo mini har hanci, alhali ba kowa kusa sai mai sayar da gawayi.

Na zagaya gareji da dama. Ko'ina tambaya ɗaya ce: ka iya? Ni kuma amsata ɗaya: ina jin zan iya, amma sai na duba tukuna. Na fahimci daga baya cewa ba a ɗaukar mai irin wannan amsa. Mai shayin ce ta ce in gwada Hasahisa, can manyan motoci suka fi yawa.

Hasahisa

Ina zaune a bayan wani shagon kayan gyara, yunwa na ɗan taɓa ni, sai na ji wata murya tana faɗa da Hausa. Ba irin Hausar da na saba ba, irin ta tsofaffin Sakkwato ce da aka kwaɓa da Larabci.

"Wanga wane irin bala'i na! Makana guda ta hana ni barci."

Wani dattijo ne kakkaura, da farar jallabiya da ta sha baƙin mai, yana riƙe da fistin a cikin tsumma kamar mai ɗauke da jariri. Na yi sallama da Hausa. Ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kai Bahaushe na? Na can gida?"

Na ce na can ne. Ya rungume ni da fistin ɗin da komai, ya bar mini tabo a riga. Sunansa Abbakar, direba ne daga wani ƙauye a gabashin kogi da ake kira Hillat Ɗanbaba. Motar da yake magana a kai tsohuwar lori ce mai dogon hanci, gadon mahaifinsa. Injinta ya buga tun bara, kuma duk makanikin da ya nuna wa ya ce a sayar da ita a matsayin ƙarfe.

Na karɓi fistin na juya shi, na shafa gefensa da farce. Na ce, "Kawu, wataƙila ba ta mutu ba. Amma ban ga sauran ba, don haka kada ka riƙe maganata."

"Mi ka ce? Wataƙila?"

"E, amma..."

"Yimkin!" Ya kwashe da dariya, ya juya wurin mai shagon ya fassara masa. "Duk ustocin garin ga, manyan makanikai, sun ce ta mutu, kai kaɗai ka ce yimkin. Tashi mu tahi. Ka ci abinci?"

Yimkin shi ne wataƙila a Larabcinsu. Kafin mu haye kogi mu wuce Rufa'a, sunan ya riga ya bi ni. Har na bar ƙasar ba wanda ya kira ni Nasiru sai mutum ɗaya.

Hillat Ɗanbaba

Ƙauyen yana bakin kogi, kuma duk inda ka juya albasa ce. A gona albasa, a rumfuna albasa, har iskar garin albasa take. A hanya Kawu Abbakar ya bayyana mini damuwarsu. Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai doguwar hanya ta baƙar laka. Da rani kamar dutse take, amma ruwan farko na sauka sai ta zama tuwo, ko jaki sai da addu'a. Motocin 'yan kasuwa ba sa yarda su shigo da zarar hadari ya fara haɗuwa. Bara da motar ta kwanta, albasar gari ta ruɓe a rumfuna suna kallo, har mata suka daina dafa abinci a tsakar gida saboda wari. Bana kuma an yi albarka fiye da bara. In motar ba ta tashi kafin damina ba, wahalar shekara guda ce za ta sake tafiya.

Motar kuwa tana tsaye a gindin wata bagaruwa, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ta-Malam suke ce mata, saboda marigayi Malam, mahaifin Kawu, shi ne ya saye ta.

Matar marigayin, Hajja Kulu, ita ce mutum ɗayan da na faɗa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido, kullum da sandarta. Kakanninta suka baro ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya a nan. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma tana zancenta kamar jiya ta baro.

"Nasiru," ta ce, tana gwada sunan a bakinta. "To, ga ni na samu miji daga gida. Sai dai ramamme aka kawo min. Har yanzu ana daddawar kalwa can? Mu nan da 'ya'yan karkade muke yi, mu ruɗi kanmu."

A ƙasan jakata akwai ƙullin daddawa da Inna ta cusa mini, wanda mutumin Madani bai ga amfanin ɗauka ba. Na ciro na miƙa mata. Ta shinshina, ta sake shinshinawa.

"Haka ɗakin kakata ke ƙamshi," ta ce. Sai ta buga sanda a ƙasa. "Abbakar, a ba mijina ɗakin Malam."

Tun daga ranar nake ce mata amarya, tana ce mini maigida. Miyar kukar da ta yi da daddawar nan, ni da ita muka sha, ba ta ba kowa ba.

Aikin injin ya ɗauke mu makonni. Na shimfiɗa tabarmi a gindin bagaruwar, na jera kowane ƙarfe a wurinsa, na hana kowa taɓawa. Abin da ke buƙatar injin wanki muka kai Hasahisa, sauran na wanke da hannuna. Akwai wani bututu da ke fitowa daga gefen injin ya lanƙwaso ƙasa, bakinsa a buɗe. Ta nan injin ke fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa, numfashinsa ke nan. Na wanke shi da kananzir, na sa baki na hura don in tabbatar iska na wucewa, na sake hurawa. Mazan da ke zaune suna kallo suka fashe da dariya.

"Ku zo ku gani, Yimkin na busa wa Ta-Malam sarewa!"

Abin da na fi taka-tsantsan da shi shi ne sil ɗin baya. Wani zoben roba ne da bai fi tafin hannu ba, yana zaune a ƙarshen karanshaf, can inda injin ya haɗu da giyabos. Aikinsa ya hana baƙin mai fita. Su libbad suke ce masa. Ƙaramin abu ne, amma in ya yi yoyo sai an sauke giyabos gaba ɗaya kafin a kai gare shi, kuma man da ya zubo kan kuloci yake sauka. Kuloci in ya jiƙe, mota mai kaya sai ta yi ta kuka ba ta gaba.

Ranar da muka tayar da ita, ta yi tari, ta yi hayaƙi, sannan ta kama da wata murya mai daɗi. Mata suka yi guɗa daga bayan danga. Ni ban yi murna ba tukuna. Na roƙi Kawu tsohuwar jallabiyarsa fara, na shimfiɗa a ƙarƙashin motar, muka bar ta tana aiki. Muka zagaya da ita bayan gari muka dawo, na sake shimfiɗawa. Ko ɗigo.

Nan fa yabo ya tashi. Wannan ya ce hannun yaron nan zinariya ne, wancan ya ce ko sabuwa ba ta kai ta ba. Hajja Kulu kaɗai ta ɓata rai.

"Ku ce masha Allah. Bakinku ya yi yawa kan motar ga da yaron ga."

Washegari aka yi karama, wato yankan godiya. Aka yanka rago a gaban motar, Kawu ya tsoma tafinsa a jinin ya manna a kan bonet, aka yi addu'a, kowa ya nufi inda aka jera farantai. Na waiwaya na hangi Hajja ita kaɗai a gefen motar, ta dafa taya.

"Amarya, ba ki zuwa cin nama?"

"Tahi abinka, maigida. Ina magana da kishiyata." Haka take kiran motar, wai Malam ya fi kula da ita.

Na tafi na ci nama har na ji kunya.

Lodin farko ƙarami muka yi, na gwaji, zuwa Rufa'a. Da muka dawo na shimfiɗa jallabiyar don sabo kawai. Ban gama miƙewa ba na ji ɗis. Na durƙusa. Baƙin mai ne yake fitowa daga ƙasan mahaɗar injin da giyabos, ɗigo bayan ɗigo, daidai inda nake tsoro.

Kawu ya leƙo. "Mi ya hwaru?"

"Ina jin sil ɗin baya ne. Wataƙila jabu aka sayar mana, wataƙila kuma ni ne ban zaunar da shi daidai ba."

"Jabu na," in ji shi, ba tare da ya yi tunani ba. "Kai da ke hura wa bututu iska, kai za ka yi kuskure? Na ainihi sai Damazin, wurin masu kayan taraktoci."

Damazin

Tafiyar Damazin doguwa ce, ni kaɗai na yi ta, da tsohon sil ɗin motar na asali a aljihu don gwadawa. Tun daga Sinnar na ga sararin kudu ya yi duhu. Kafin mu isa, ruwa ya tare mu, irin mai dukan gilashi kamar ana watsa tsakuwa. Fasinjoji suna ta hamdala, ni kuwa albasar da ke rumfuna nake tunani. Damina daga kudu take haurawa. Abin da ya sauka a Damazin yau, yana hanyar Hillat Ɗanbaba.

Na shiga shago na fita shago. Wani ya miƙo mini sil a kwali mai kyalli ya rantse na ainihi ne, na duba na ga robar ta bushe har tana tsagewa in an lanƙwasa. Na ce masa wataƙila ya daɗe a ajiye. Ya ce wataƙila in bar masa shagonsa.

A ƙarshen layin na samu wani dattijo Balarabe mai farin gemu. Ya karɓi tsohon sil ɗin, ya juya shi, ya tambaye ni motar wa. Da na ambaci ƙauyen da sunan marigayi Malam, sai ya ajiye tabarau.

"Mai lori mai dogon hanci? Ya taɓa jawo ni daga laka, ni da iyalina, ya ƙi karɓar ko shayi. Tana nan da rai?"

Ya shige can ciki, ya daɗe ina jin yana ture kwalaye, ya fito da sil a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Robar tana da laushi, ƙaramar wayar da ke zagaye da leɓenta tana nan daram. Ya sa aka kawo mini wake da burodi, ya tsaya a kaina sai da na cinye, sannan ya raka ni tasha da lema. Na yi ta ƙoƙarin gode masa da Larabcin Islamiyya, yana ta dariya yana cewa amin.

Gayya

Ba mu da injin ɗaga kaya, don haka Kawu ya kira nafir, abin da mu muke kira gayya. Da hantsi maza suka fito da diga da shebur, suka haƙa rami, aka turo motar a kansa. Aka cire katakon ƙasan gaban motar, aka gitta gungumen bagaruwa ta ƙofofin biyu, aka ɗaure giyabos da igiyar rijiya. Ni ina cikin rami ina kwance notuna, su suna sama suna riƙe da igiya, wani tsoho yana ba da waƙa suna amsawa. Rabin waƙar Hausa, rabi Larabci, kuma duk a kaina take: Yimkin ya ce a ja, yimkin a ja, yimkin a saki.

"Don Allah kada ku saki," na ce daga ƙasa.

"Ka tabbata, ko yimkin?"

Dariya ta sa igiyar rawa, na ga giyabos yana lilo a saman fuskata. Ban sake magana ba sai da ya sauka lafiya.

Na cire kuloci da faifan bayan injin, na kai ga sil ɗin. Abin da ya dame ni, ban ga laifinsa ba. Bai yage ba, bai karkace ba. Na bi wuyan karanshaf da farce ko akwai zanen da ya ci, sumul yake. Duk da haka na cire shi. Na wanke mazauninsa, na shafa wa leɓen sabon mai don kada ya fara aiki a bushe, na juya gefen wayar ya kalli cikin injin, na ɗora guntun bututu a kansa ina bugawa a hankali, gefe da gefe, har ya zauna daidai. Na wanke kuloci da fetur na shanya. Allah ya taimaka man bai ci shi sosai ba.

Mata suka kawo kisra, wato wainarsu ta dawa mai faɗi, da miya da jabana, gahawar nan tasu mai citta. Aka ci, aka koma igiya. Kafin la'asar Ta-Malam ta haɗu. Muka loda mata buhuna, muka yi bayan gari da ita muka dawo. Jama'a suka kewaye, na shimfiɗa jallabiya.

Ɗis.

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ɗaga kai ya dubi kudu, sauran suka bi shi da kallo. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma fi mushkila, babu damuwa, Allah na nan," amma muryarsa ba ta yarda da shi ba. Ɗaya bayan ɗaya suka watse, kowa ya nufi rumfar albasarsa.

Na zauna a kan taya. Na tuna mutanen nan sun ba ni ɗaki, sun yanka rago, sun bar gonakinsu sun riƙe mini igiya. Na tuna warin da Kawu ya ba ni labari. Na fara tsara yadda zan ce musu su nemi wani tun da sauran lokaci.

Da safe na ce bari in bi komai daga farko, ko abin da na tabbatar da shi. Halin nan nawa da ke ba mutane haushi, ba ni da wani abin da ya wuce shi. Na tayar da injin, na buɗe bonet, na tsaya ina kallo. Sai na lura sandar gwajin mai ta ɗan ɗago daga mazauninta. Na danna ta. Can an jima ta sake ɗagowa. Na kwance murfin zuba mai, sai ya yi fuu a hannuna kamar an buɗe tukunya.

Iska ce ta cika cikin injin ba ta da hanyar fita. Sabon ringin fistin kafin ya zauna dama yakan saki iska da yawa. In ta rasa ƙofa, sai ta tura mai ta wurin da ya fi laushi, wato sil ɗin baya. Ko sil ɗin sarki aka sa, sai ya yi yoyo.

Amma ai na hura bututun da bakina. Na kashe injin, na kwanta, na sa baki na sake hurawa. Kamar ina hura bango. Na samo waya na lanƙwasa kanta, na zura a hankali. Ta taɓa wani abu mai taushi. Na yi ta lallaɓawa har ya biyo ta, ya faɗo a ƙirjina.

Laya ce. 'Yar ƙarama kamar babban yatsa, an ɗinke ta da jar fata, ta sha mai ta kumbura har ta cika bututun tam.

Kawu na isowa na nuna masa. Ya dube ta, ya dubi gidansu, ya rufe baki da hannu. Dariya yake ƙoƙarin dannewa.

"Ɗinkin ga na san shi," ya ce. "Ni ba ni iyawa. Matarka ta, kai za ka tahi."

Na same ta tana tsinke ganyen karkade a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe tafina.

"Amarya, wataƙila kin san wannan?"

Ko gezau. "Wa ya ce ka hidda ta?"

"A cikin bututun injin na same ta."

"Na san inda na sa ta. Da sandar ga na tura ta, har bayana ya yi ciwo. Kana ji suna ta yabonka baki buɗe, babu masha Allah. Kai baƙo, uwarka na nesa, wa zai tsare ka in ba ni ba? Na duba motar duk, ban ga wurin da ido ba ya kaiwa ba sai ramin ga. Kuma na ga kai da kanka kana yi mishi tohi."

Ashe hurawar da na yi, ita tofi ta ɗauka. Ni ba mai ɗaura laya ba ne, kuma a gida da na yi doguwar magana a kai. Amma tun da na baro Funtuwa ba wanda ya sunkuya don ni har bayansa ya yi ciwo.

Na ce, "Amarya, ramin nan hancinta ne. Da shi take numfashi. Da aka toshe, shi ne take zubar da mai ta baya."

Ta ajiye ganyen. Ta dube ni, ta dubi layar.

"Hanci?"

"Hanci."

"To wane irin mahaukaci ya sa ma mota hanci a ƙasa?" Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye, tana dukan cinya. "Na shaƙe kishiya! Malam, ka gahwarta min, ba da gangan ba." Da ta lafa sai ta nuna ni da yatsa. "Amma ba a yar da ita. Ka sama mata wuri kusa, inda ba a gani."

Na goge layar, na naɗe ta a leda, na ɗaure ta da waya a jikin ƙarfen da ke riƙe da bututun, ta waje, inda ba za ta taɓa komai ba. Hajja ta zo da sandarta ta duba aikin, ta ce in ƙara ɗaurewa. A wannan kam mun yi daidai da ita, na ƙara.

Labari ya riga ni zagaya gari. Kafin in wanke ƙasan injin, jama'a sun dawo, kowa na son ya ga hancin Ta-Malam. Muka loda ta fiye da jiya, muka yi nisa fiye da jiya, muka dawo. Na juya jallabiyar ta gefen da bai ɓaci ba na shimfiɗa. Muka jira, muka ƙara jira, har wani ya ce shayinsa ya huce. Na ja jallabiyar na ɗaga sama. Fara fes.

Guɗar da aka yi, ina jin har Rufa'a an ji.

Hanyar kwalta

Daga ranar ba mu huta ba. Mu loda da asuba, mu sauke a Hasahisa, mu juyo. Rumfuna suka riƙa yin fili ɗaya bayan ɗaya, hadari kuma kullum yana ƙara matsowa. Duk inda muka tsaya sai na shimfiɗa jallabiya, har 'yan dako a kasuwa suka ɗauka wata ibada ce.

Ranar lodin ƙarshe gari ya tashi da iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa. Albasar Hajja ce ta rage, don ta ce ba a taɓa tata sai ta kowa ta fita. Ta kuma ce da ita za a je, ta daɗe ba ta ga kasuwa ba. Muka ɗora ta a gaba tsakanina da Kawu, sandarta a tsakanin gwiwoyi.

Muna tsakiyar baƙar lakar nan aka fara yayyafi. Na leƙa madubi, bayanmu ya yi baƙi ƙirin, ruwan yana tahowa kamar an ja labule. Tayoyin baya suka fara ɗan zamewa. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sauya giya, kuloci ya kama ba gardama. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Yimkin, hwaɗa min gaskiya. Tana kaiwa?"

Na saurari injin. Na san kowane noti da ke cikinsa, na san sil ɗin da ke bayansa, na san hancinsa a buɗe yake.

"Za ta kai, Kawu, in sha Allahu. Taka ta."

Ya juyo da sauri har motar ta yi gefe. "Hajja, kin ji? Babu yimkin!"

"Dubi hanya, kai," in ji ta.

Tayoyin gaba suka hau kwalta, na baya suka biyo, sai ruwan ya sauko gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya yi ta danna ham ba kowa a hanya. Ni kuwa dariya nake, ban san lokacin da na fara ba.

A kasuwar Hasahisa, a ƙarƙashin rumfar kwano, na shimfiɗa jallabiyar don kada in karya al'ada. Na ɗago ta a bushe. Hajja Kulu ta leƙo ta taga, ta dubi farin ƙyallen, ta gyara lulluɓi.

"Ka gani, Nasiru? Tun da aka ɗaura ta inda ya dace, ko ɗigo. Wa ya gyara motar ga, ni ko kai?"

Na buɗe baki zan yi bayanin iska da ringi da bututu. Sai na dubi fuskarta.

"Wataƙila mu biyu ne, amarya."

"Yimkin," ta ce, ta miƙo mini hannu in sauke ta. "Zo ka kira uwarka, in hwaɗa mata ɗanta ya samu aiki."